Gahawar dalgona: awon da ake yayatawa ya yi wa mutum ɗaya yawa

A watan Janairun 2020, wani ɗan wasan kwaikwayo na Koriya ta Kudu, Jung Il-woo, ya ɗanɗana wata gahawa mai kumfa a Makau cikin wani shirin talabijin, ya ce ta tuna masa da dalgona, alewar sukari da ake sayarwa a titunan ƙasarsu. Sunan ya bi ta. Da kullen korona ya tsare mutane a gida, sai ta karaɗe duniya, duk da cewa a Indiya da Pakistan an daɗe ana buga irinta.

Haɗin ba wuya. Babban cokali biyu na garin gahawa mai narkewa nan take, irin su Nescafé, biyu na sukari, biyu na ruwan zafi. A yi ta bugawa har ruwan ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa mai haske, ya yi kaurin da zai tsaya a kan cokali, sannan a ɗora shi bisa madara mai sanyi. Wanda ba shi da injin bugawa, maburgin miya mai tsabta ya wadatar, sai dai hannu zai gaya masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, gahawar da masana ke rainawa ita kaɗai ke yin wannan kumfa. Garin nan dafaffiyar gahawa ce da aka busar, don haka yana narkewa gaba ɗaya, kuma mansa kaɗan ne. Mai kuwa shi ke fasa kumfa. Niƙaƙƙen ƙwayar gahawa mai tsada, ko an kwana ana bugunsa, ba zai tashi ba. Sukari kuma ba don zaƙi kawai aka sa shi ba: shi ke kaurara ruwan ya riƙe iskar da aka buga ciki. Shi ya sa idan aka rage shi sosai kumfar kan saki da wuri.

Matsalar tana cikin awon. Babban cokali biyu na sukari ya kai kusan giram 25, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ya fi kyau baligi ya tsaya kusa da wannan adadi a yini guda cur. Babban cokali biyu na gahawa kuma ƙaramin cokali shida ne, abin da aka saba yin kofi uku ko fiye da shi. Mai hawan jini ko ciwon sukari, ko wanda barci ke yi wa wuya, ya kamata ya san haka kafin ya kurɓa.

A ganina awon nan ya yaɗu ne saboda ƙasa da haka yana da wuyar bugawa, kuma tulin kumfa ya fi kyau a hoto. Ban ce a daina ba, ni ma ina yi. Amma nakan buga cikakken awon in raba wa kofi uku, in kuma sha nawa da hantsi, ba bayan la'asar ba. Idan babu abokin sha, ragowar kumfar na iya kwana a firji cikin rufaffen mazubi.