Takobin Bayajidda ko kayan Kisra: wanne ne zai ɗauki fim?

A 1981 Indiana Jones ya bi sawun akwatin alkawari na Bani Isra'ila, abin da Yahudu, Kirista da Musulmi duk suka san labarinsa. A kashi na biyar, 2023, sai aka zaɓi wata tsohuwar na'urar Girka da mutane ƙalilan suka taɓa ji. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 384, kuɗin da bai rufe ɗawainiyarsa ba. A ganina, wannan zaɓin yana cikin abin da ya kayar da shi.

Maganar ta shafe mu. Tun da Faransa ta mayar wa Benin kayan fadar Abomey guda 26 a Nuwamban 2021, kuma fim ɗin Dahomey na Mati Diop ya ci babbar kyautar Berlin a 2024, duniya ta waiwayo mu. Amma fa duk labaran na kudu ne. Mu na arewa da me za mu fito?

Bahaushe zai ce takobin Bayajidda na Daura. To, amma maciji ɗaya ne, rijiya ɗaya, labari ya ƙare. Ina kashi na biyu zai fito?

Ni dai kayan Kisra zan zaɓa. Sarakunan Nikki da Bussa suna danganta asalinsu da shi, kuma sunan Kisra sananne ne daga Farisa har Masar. Tsohuwar Bussa ta nutse a tafkin Kainji tun 1968. Ga kuma hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gonja, wadda ta ratsa Nikki, Parakou da Djougou, ta kawo kakanninmu zango. Tafiya, gari a ƙarƙashin ruwa, ƙasashe uku: mai fim me yake nema kuma?

Sai dai akwai ƙaya. Almarar ta ce Kisra ƙin karɓar Musulunci ya yi, shi ya sa ya yo yamma. Kuma kakaki da tamburan da ake fitarwa ranar Gani ba kayan wasa ba ne a wurin Bariba. Duk wanda zai taɓa wannan labari, ya fara zama da fadar Nikki da malamanmu. In muka yi sanya, baƙo zai zo ya ɗauka, ya ba da shi yadda ya ga dama.