Kukan Na'urar Yatsa

Jama'ar Aboabo, in jinya ta kai mu Asibitin Koyarwa na Tamale, mukan ga an maƙala wa majiyyaci 'yar na'ura a yatsa tana ta kuka. Wasunmu har roƙo suke a kashe ta, wai tana hana barci. Haba! Kowane kuka bugun zuciya ɗaya ne. Muddin oksijin ya wadata a jini, kashi 95 zuwa 100, muryar siririya ce. Da ya fara raguwa sai ta yi kauri, nas ta ji ko da ta juya baya.

Sai dai wani bincike na 2020 a Amurka ya nuna takan ƙara wa baƙar fata lissafi. In numfashin majiyyaci ya yi sama-sama, mu kira nas, ko da muryar ba ta sauya ba.