Kuna Son Likita Mace, Amma Matar Wa?

Da wuya a yi taro a kan sha'anin lafiya a ƙasar nan, a watse ba a ji wani babban mutum ya miƙe ya yi kukan ƙarancin likitoci mata a Arewa ba. Malamai su faɗa a kan mumbari, 'yan siyasa su faɗa a gidan rediyo, magidanci kuwa ya tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa yana rantsuwa ba namijin da zai duba masa iyali. Mun ji, mun kuma yarda kukan yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai, mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in duk waɗanda suka rasu haka a duniya. Amma muna da tambaya ga masu kukan nan. Ita wannan likita mace da kuke nema, matar wa za ta kasance sa'ad da take karatu?

Ku zo mu yi lissafi. Yarinya ta shiga jami'a tana da shekara 18. Karatun likita shekara 6 ne, in ba a yi yajin aiki ba, ga shi kuwa malaman jami'a sun yi na wata 9 a 2020, suka sake yin na wata 8 a 2022. In ta gama sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sa'an nan shekara guda ta yi wa ƙasa hidima. In kuwa tana son ta ƙware a fannin mata da haihuwa, wanda shi ne ainihin abin da ake yi wa kuka, to akwai wasu shekaru biyar ko shida a gabanta, da jarrabawa mai ka da gwanaye. Kafin ta tsaya da ƙafarta ta ba talatin baya. Gida nawa ne a ƙasar Hausa za su zuba wa 'yarsu ido har wannan lokaci ba aure? Ashe ke nan likitar da muke nema, da igiyar aure za ta yi karatun, sau da yawa ma da goyo.

To, a nan ne fa munafuncinmu yake fitowa fili. In namiji ne ke karatun, kowa ya san abin da zai gaya wa matarsa: "Yi haƙuri, mijinki karatu yake yi." Za a ajiye ta a gidan surukai, ta yi kitso ko 'yar sana'ar hannu ta sayi sabulu, ta yi jinyar 'ya'ya ita kaɗai alhali ubansu yana jinyar 'ya'yan wasu. Ba wanda zai ce ya tauye mata haƙƙi. (Wata ma, ranar da maigida ya zama babban likita, tukuicin da za ta samu kishiya ce, amma wannan zance ne na wata rana.)

In kuwa mace ce, sai mudun awon ya sake. Uwar miji ta shiga ƙidaya dararen da ta kwana a asibiti, kamar yawon biki ta tafi. Dangi su ce wace irin matar aure ce ba ta kwana a ɗakinta. Shi kuma gogan, wanda ya cika majalisa da cewa likita zai aura, sai ya tuna da tuwo mai zafi daidai makon jarrabawa, ya soma zancen ƙarin aure. Ta tsaya awa talatin a kan ƙafarta, ta karɓi haihuwa, ta ga mutuwa, ta komo gida ta tarar da wanke-wanke da fuskar shanu suna jiranta. Haba jama'a!

Za a ce mana aure ibada ne, miji yana da haƙƙi. Ba mu musa ba. Amma ceton rai fa? Rufaida Al-Aslamiyya a cikin masallacin Madina aka kafa mata tanti tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a can kuma aka kai Sa'adu bn Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Nana Asma'u da aurenta da 'ya'yanta ta yi rubuce-rubucenta, ta kuma karantar da mata, mijinta Waziri Giɗaɗo bai ga wannan ya rage shi da kome ba. Wanda ya ce haram ne namiji ya duba matarsa, kuma ya ce ba ya yarda matarsa ta kwana a asibiti don ta duba matan wasu, so yake matar wani ta sha wahalar, shi ya ci moriyar.

Hukumomin jami'a ma ba za su wanke hannunsu ba. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mai da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata 6 tun 2019, amma ɗaliba da ta haihu a tsakiyar zango, abin da ke gabanta shi ne ko ta koma aji kafin ta gama wankan jego, ko ta yi asarar shekara. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta sa wannan batu a taronta mai zuwa: a keɓe ɗakuna ga ɗalibai masu goyo, a buɗe wurin renon yara kusa da asibitin koyarwa wanda ba ya rufewa da la'asar, a kuma rubuta ƙa'ida bayyananniya ta ɗage jarrabawa ga mai jego, don kada ta dogara ga jinƙan wani malami.

Ku kuma 'yan'uwanmu maza, ɗalibai da sababbin ma'aikata, waɗanda muke gani da yamma kuna sintiri a ƙofar masaukin 'yan mata masu karatun likita, kafin ku aika da kuɗin gaisuwa ku je ku kwana dare ɗaya a kan benci a sashen ba da taimakon gaggawa. In gari ya waye, sa'an nan ku tura magabata.