Jini Ba Ya Tambayar Launin Fata

Jama'a, ku da kuka yi yaƙi da jahilci har kuka iya karatu, akwai wata magana da na ke so mu auna tare. Sau da yawa a kan ce da mu ilmi shi kaɗai ya isa ya kawar da ƙiyayya tsakanin 'yan Adam. Ni ban yarda ba. Shaidata kuwa ita ce abin da ya faru a Amurka game da jinin mutum.

Cikin 1901 wani likita na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gane cewa jinin mutane iri iri ne. Yanzu an san manyan iri huɗu, ana kiransu A, da B, da AB, da O. In aka ƙara wa mai ciwo jinin da bai dace da nasa ba, sai ƙwayoyin jinin su cure su farfashe, ƙoda ta lalace, watakila ma ya mutu. In kuwa irin ya dace, sai ya farfaɗo. To, ku lura da wannan: duk iri huɗun nan ana samunsu cikin Turawa, ana samunsu cikin baƙar fata, haka cikin Larabawa da mutanen Sin. Watau Bature mai jini O, in an ba shi jinin wansa mai A, ya shiga haɗari, amma in an ba shi na baƙin mutum mai O, ya tsira. Saboda wannan bincike aka ba Landsteiner kyautar Nobel cikin 1930. Babu wani babban likita a Amurka da zai ce bai ji labari ba.

Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Ingila suka bukaci jini domin waɗanda bama-baman Jamus suka raunata. Cikin 1940 aka ɗora wani likita baƙar fata, Charles Drew, bisa aikin tara ruwan jini a birnin Niyu Yok ana aikawa Ingila. Shi ne gwanin wannan fanni, don a kan hanyar ajiye jini ya yi babban karatunsa a Jami'ar Kolombiya. Cikin 1941 ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta sa shi ya shugabanci ma'ajiyar jini da ta buɗe domin sojojin ƙasar.

Sa'an nan aka yi abin kunya. Hukumomin soja da ƙungiyar suka ce ba a karɓar jinin baƙar fata. Ku duba fa: mutumin da ya tsara aikin, da zai miƙa hannunsa, da an ƙi jininsa. Da baƙar fata suka yi ta kuka, sai cikin Janairu 1942 aka ce to, za a karɓa, amma a rubuta alama a kwalba, a ajiye shi dabam. Drew ya soki wannan tsari a fili, ya ce ba shi da tushe cikin ilmin likita. Red Cross ba ta bar sa alamar ba sai 1950. Duk da haka jihar Luwiziyana ta kafa doka cikin 1958 ta tilasta wa asibitoci su rubuta launin mai jini, ba a kuwa soke ta ba sai 1972. Daga 1901 zuwa 1972 shekara 71 ke nan. Wannan jahilci ne? A'a. An sani sarai, son zuciya ne ya rinjayi sani.

Masu kare wannan tsari sun ce sojan farar fata ba zai so a zuba masa jinin baƙi ba, dole a kwantar masa da rai. Amma a zamanin nan maganin mashaƙo daga jinin doki a ke samo shi, ana yi wa 'ya'yansu allurarsa, ba wanda ya ce a sa wa dokin alama. Ashe mutum zai yarda da jinin doki, ya ƙyamaci na maƙwabcinsa? Kuma aikin shugaba ne ya faɗa wa jama'a gaskiyar da ya sani. In ya ɗauki tsoronsu ya mai da shi doka, ya tabbatar musu da ƙarya ke nan, ya buga mata hatimin gwamnati.

Wani zai ce, ai likitocin yanzu su kan nemi baƙar fata su ba da jini domin masu amosanin jini, ashe akwai bambanci. I, ban da manyan irin nan huɗu akwai waɗansu ƙananan alamomi cikin jini, waɗansunsu sun fi yawa ga mutanen da asalinsu Afirka ne. Amma likita ba ya duban fuskar mai bayarwa ya yanke hukunci. Gwada jinin ya ke yi, in ya dace ya ɗauka, ko na wane ne. Wancan tsari an yi shi don a nisanta mutane, wannan don a ceci mai ciwo.

Mu ma kada fushi ya kai mu ga ƙarya. Drew ya rasu ran 1 ga Afrilu 1950 bayan haɗarin mota a jihar Karolina ta Arewa. Labari ya bazu wai asibitin Turawa ne ya hana shi jini har ya mutu. Ba haka ba ne. Abokan tafiyarsa, su ma likitoci baƙar fata, sun shaida an yi iyakar ƙoƙari a kansa, rauninsa ne ya fi ƙarfin magani. Zaluncin da aka yi na gaske ya isa abin faɗa, ba ya bukatar ƙari. Wanda ya haɗa gaskiyarsa da ƙarya ya ba abokin gāba sanda.

Daga ƙarshe, laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Mu nan ba mu kan ji ana cewa jinin wane ba irin namu ba ne, don kabilarsa ko sana'ar kakansa? Mace mai naƙuda ta kan zubar da jini a asibiti, a nemi mai bayarwa, dangi su sulale ɗaya ɗaya don tsoron wai za su ƙare. Alhali abin da a ke ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma ya kan mayar da shi cikin 'yan makonni.

Kai mai karatu, yanzu ka san abin da Landsteiner ya gano. Shugabannin Amurka ma sun sani, suka ƙi aiki da shi. Ran da aka kira ka ba da jini ga wanda ba danginka ba, ran nan za a ga ko karatunka ya fi nasu amfani. Allah ya sa mu yi aiki da abin da muka sani, amin.