RA'AYINMU: Ofishin Jakadanci Ba Bango Ba Ne, Hidima Ce

Duk wanda ya taɓa tashi daga Zangon Sokode zuwa Lome domin neman takarda guda ɗaya a ofishin jakadancin ƙasarsa ya san abin da tafiyar take ci. Kilomita kusan 340 ne a kan babbar hanya, ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na wurin kwana, ga kuma shago a rufe. Wanda ya taso daga Dapaong ko Sinkase kuwa, tafiyar fiye da kilomita 600 ce ke gabansa, kuma babu tabbacin ba za a ce masa ya dawo mako mai zuwa ba. Saboda haka idan aka ji labarin wata ƙasa tana gina sabon ofishin jakadanci, ko ta sayar da tsohonsa, ba zancen manya kaɗai ba ne. Zance ne da ya shafi aljihun ɗan kasuwar kan iyaka.

Idan ba a manta ba, salon ginin ofisoshin jakadanci ya sauya ne tun ranar 7 ga Agustan 1998, lokacin da aka tayar da bama-bamai a ofisoshin Amurka da ke Nairobi da Darussalam, inda mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, akasarinsu 'yan Afirka. A 1999 Amurka ta yi dokar da ta ce sabon ofishinta sai ya yi nisan kimanin mita 30 daga bakin katanga. Tsofaffin gine-ginen da ke tsakiyar gari, jikin titi, ba za su iya cika wannan sharaɗi ba. Shi ya sa a tsakiyar shekarun 2000 ofishin Amurka na Lome ya bar cikin gari ya koma wani makeken fili a kan titin Eyadema. A Legas kuma, a watan Maris na 2022, aka aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a Eko Atlantic, a kan kuɗi dala miliyan 537.

Ba mu ga laifin ƙasar da ta kare ran ma'aikatanta ba, kuma ba mu ce jakada ya zauna a ginin da ke yoyo ba, domin mutuncin ƙasa yana tare da gidan da tutarta ke kaɗawa. Tambayarmu ita ce: da aka gina sabo, ina aka kai tsohon, kuma wa ya ci moriyarsa?

Akwai misalai biyu da ya kamata shugabanninmu su duba da idon basira. Na farko a Landan yake. Amurka ta sayar da tsohon ofishinta na dandalin Grosvenor ga wani kamfanin ƙasar Katar a 2009, ta tare a sabon gininta a unguwar Nine Elms a farkon 2018, kuma da kuɗin kadarorin da ta sayar a birnin aka biya aikin, wanda ya ci kimanin dala biliyan ɗaya. Tsohon ginin bai zama kango ba, otal ya zama a 2025. Wato tsoho ne ya haifi sabo, an san wanda ya saya, an san inda kuɗin suka shiga.

Misali na biyu yana nan kusa da mu, a Akra, kuma ba mai daɗin ji ba ne. A daren 19 ga Yunin 2020 wasu mutane suka shiga harabar gidan jakadan Najeriya da motar rusau, suka rushe wani ɓangare na ginin da ake kan yi. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta haramta shiga irin wannan wuri ba da izini ba, balle rushe shi, kuma Shugaba Nana Akufo-Addo ya bai wa Shugaba Muhammadu Buhari haƙuri, gwamnatin Ghana ta yi alkawarin mayar da ginin yadda yake. Amma da aka bi diddigi sai ga abin kunya: Najeriya ta biya kuɗin filin tun shekarar 2000, sai dai har shekaru 20 suka wuce ba a kammala karɓar takardar mallaka ba. A cikin wannan shekara kuma aka yi cacar baki a kan wani tsohon gidan ofishin da ke lamba 10, titin Barnes, wanda Najeriya ta ce an ƙwace, Ghana kuma ta ce wa'adin hayarsa ya daɗe da ƙarewa ba a sabunta ba.

Kowane ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan. Wanda ya biya kuɗin shago bai karɓi takarda ba, ranar da rigima ta taso ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Abin takaici, wannan sakaci ya bayyana ne a daidai lokacin da ake rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi, bisa dokar da ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan ɗaya, Najeriya ita ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ofishin da ya kamata ya tsaya wa 'yan kasuwa sai ga shi yana fama da neman takardar filinsa. Wanda gidansa ke cin wuta, yaushe zai kai wa maƙwabci ruwa?

Ko da ginin ya tsaya daram, ba shi ke yin aikin ba. A watan Satumban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kira jakadun Najeriya gida, ba a kuma miƙa sunayen sababbi ga majalisar dattawa ba sai ƙarshen 2025. Ofisoshi suka shafe sama da shekaru biyu a hannun muƙaddasai. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan batu ya fi matsa mana a yanzu fiye da kowane lokaci. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da ke zuwa Nijar suka koma bin tashar jiragen ruwa ta Lome, su ratsa Sokode da Kara da Dapaong, su fita ta Sinkase zuwa Burkina Faso. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda muka fi sani da CEDEAO, suka fito da nasu fasfo. Tun watan Yunin 2022 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin Savanes, shingayen bincike suka ƙaru. Direban da katinsa ya ɓata, da mai dabbobin da aka tsare a duwan, da iyalin da ke son kai gawa gida, duk takarda suke nema, kuma ofisoshin da ke ba da ita suna can bakin teku. Da yawa daga cikin mutanen Zango 'yan Togo ne haihuwa da asali, amma abokan cinikinsu da surukansu da masu ɗauko musu kaya baƙi ne, wahalar ɗaya kuwa ta kowa ce.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen da 'ya'yansu ke cin kasuwa a Togo da su yi abubuwa uku. Na ɗaya, su binciki takardun kowane fili da gida da suke da shi a waje, su san wanda aka saya da wanda aka yi haya da ranar da wa'adinsa zai cika. Na biyu, kafin a zuba kuɗi a sabon gini, a faɗa wa jama'a abin da za a yi da tsohon. Idan sayarwa ne, a yi a fili, majalisa ta san mai saye da farashi. Idan kuma za a riƙe shi, a mayar da shi wurin karɓar masu neman fasfo da takardu, domin sau da yawa shi ya fi kusa da tasha da kasuwa. Na uku, a ware wani abu daga kuɗin domin jami'ai su riƙa zuwa Sokode da Dapaong, ko da sau ɗaya a wata uku, a sanar da rana ta hannun sarakunan Zango da shugabannin kasuwa da limamai. Tebur biyu da hatimi da na'urar ɗaukar hoto ba su kai kuɗin ƙofar sabon gini ba.

Mu ma da namu aikin. Duk baƙon da bai yi katin shaidar ofishin jakadancinsa ba, wato kat konsiler, ya yi tun kafin buƙata ta taso. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tattara sunayen masu bukata, su rubuta takardar neman ziyarar a hukumance, domin murya ɗari ta fi guda kai wa nesa. Sannan kowa ya koma gida ya duba takardar shagonsa da ta filinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar dukiyar jama'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.