Daga Ajin Samaru Zuwa Kotun Katsina

Ranar 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke nan Katsina ta soke hukuncin jifa da kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal. Har yau wasu na cewa hayaniyar Turai ce ta cece ta. Alhali hujjojin da suka rinjayi alƙalai daga fiƙihun Malikiyya suka fito, har da mas'alar kwantaccen ciki.

Cikin waɗanda suka dage a bi wannan hanya akwai Ayesha Imam, masaniyar zamantakewa da ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata ta WIN, wadda ta tsiro daga taron da aka yi a jami'ar a 1982. Binciken digirinta na uku kan kulle a Kano ta yi shi. A 2003 ita da ƙungiyarta BAOBAB suka roƙi 'yan fafutukar waje su daina yaɗa takardun koke masu kurakurai, domin suna iya harzuƙa mahukunta.

Wanda ya shekara da shekaru yana sauraron mata a cikin gidajensu ne kaɗai zai iya gane wannan haɗarin.

Shi ya sa nake takaicin yadda jami'o'inmu ke kauce wa irin wannan bincike. Ɗaliba ta kawo batun malaman da ke neman ɗalibai da maki, sai a ce mata abin kunya ne, ta canja. Batun kuwa yana nan a ɗakunan kwanan ɗalibai, ana raɗe-raɗinsa, babu mai ƙidaya shi.