Waiwaye: Shirun da Na Yi a Hanyar Tsafe

Shekarun baya, muna cikin mota daga Tsafe za mu koma Gusau, wani abokina mutumin Bunguɗu ya jira gyangyaɗi ya kwashi fasinjoji, sannan ya zaro wata 'yar shuɗiyar ƙwaya ƙulle a leda. Ya matso daidai kunnena ya ce, "Malam, basir ya kassara ni. Wannan ce ke rufa mini asiri a gida." A tasha ya saye ta, hannun mai talla da lasifika. Kunya ta ɗaure mini baki, na kau da kai. Har gobe shirun nan na ci mini rai.

Sai daga baya na san asalinta. Sunanta sildenafil. Kamfanin Pfizer ya fara gwada ta a Birtaniya domin masu ciwon ƙirji mai nasaba da zuciya, sai mazan da suka sha suka zo da wani labari daban. A 1998 Amurka ta amince da ita da sunan Viagra, a 2003 kuma Cialis ya biyo sahu.

Idan sha'awa ta motsa, jiki kan aika saƙon da ke sassauta hanyoyin jinin gaba, jini ya kwararo ya cika. Akwai wani sinadari, PDE5, mai goge wannan saƙo. Shi ƙwayar ke tarewa, kamar yadda mai lambu ke datse bakin fangali don ruwa ya zauna. Ba ta ƙirƙirar sha'awa. In babu ita, an sha banza.

Tana zuwa a miligiram 25, 50 ko 100, likita ne ke zaɓar wanda ya dace. Ana sha kamar awa ɗaya kafin kusantar iyali, ba a wuce sau ɗaya a yini. Abinci mai maiƙo na jinkirta ta. Ƙarfinta kan kai awa 4, na Cialis har awa 36. Mai sa maganin ciwon ƙirji irin nitroglycerin a ƙarƙashin harshe kada ya kusance ta, don jininsa na iya faɗuwa warwas. In gaba ya haura awa 4 bai kwanta ba, a garzaya asibiti. Masu sikila sun fi shiga wannan haɗari. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan shan maganin ƙarfin maza barkatai.

Abokina bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wani gyambo da ya ƙi warkewa a ƙafarsa ne ya kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, aka auna, ashe ciwon suga ne ya daɗe yana cinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa sukan riga su nuna ɓarnar suga, hawan jini ko taba. Raunin da ya kira basir ɗan aike ne, ƙwayar tasha kuwa ta toshe masa baki.

Maganin ba abin kunya ba ne, ya gyara aure da yawa a hannun likita. Yanzu duk wanda ya raɗa mini irin wannan magana ba na kau da kai. Cewa nake, "Ɗan'uwa, mayar da ita aljihu. Gobe da safe, kafin ka karya, mu je a auna suga da jini."